WACE AL'UMMA CE TA CANCANCI SHIGA WASAN KWAMFUTA? DARASI DAGA RANO DA KIBIYA

A ɗauka ga ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ɗaya ɗan Rano, ɗaya ɗan Kibiya, sun zauna gaban kwamfutar wani yayansu da ya zo hutu daga jami'a. Wasan da ke gabansu shi ne irin wanda mutum yake zaɓar wata al'umma ta tarihi, ya raine ta tun tana ƙauye har ta zama daula. Jerin sunaye ya bayyana: Rumawa, Girkawa, Misirawa, mutanen Sin, Turawan Ingila, Mongol, Zulu. Ɗan Rano ya bi jerin daga sama har ƙasa, sannan ya ce, "Yaya, to ina Rano, alhali kuwa tana cikin Hausa Bakwai?" Ɗan Kibiya ya kwashe da dariya ya ce, "Kano ma ba ta sami shiga ba, balle ku!" Daga nan gardama ta kaure.

Mai karatu na iya ɗaukar wannan musu a matsayin shirmen yara. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce, kuma masana sun daɗe suna kai-kawo a kanta, wato da wane ma'auni ake auna al'umma har a ce ta waye, kuma wane ne ke riƙe da ma'aunin? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi yana da tawaya irin wadda duk ɗalibin kimiyya ya kamata ya iya ganewa, kuma gyaransa ya rataya a wuyan mutanen ƙasar Hausa fiye da yadda ya rataya a wuyan kamfanonin ƙetare.

YADDA WASANNIN SUKE

Wasan dabarun mulki da yaƙi ɗan'uwan dara ne, sai dai fagensa ya fi na dara faɗi. Wanda ya fi shahara shi ne Civilization, wanda wani Ba'amurke mai suna Sid Meier ya jagoranci ƙirƙirarsa, kamfanin MicroProse ya fitar da shi a shekarar 1991. Mai wasa yakan fara ne daga shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ayarin mutane kaɗan. Zai kafa gari, ya yi noma, ya tara dukiya, ya buɗe fasahohi ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙira da rubutu da lissafi, ya ƙulla zumunci da maƙwabta ko ya yaƙe su. Wani dangin wasannin shi ne Age of Empires na kamfanin Microsoft, wanda ya fara fitowa a 1997.

Tun da yake ba zai yiwu a zuba dukan al'ummomin duniya cikin wasa ɗaya ba, dole a zaɓa. Fitowar farko ta Civilization ta zo da al'ummomi 14, biyu kacal daga Afirka, wato Misira da Zulu. Babu ko ɗaya daga Afirka ta Yamma sai a shekarar 2005, lokacin da aka shigar da Mali da sarkinta Mansa Musa a fitowa ta huɗu. Songhai da Askiya sun biyo baya a 2010. Hausawa kuwa sai a watan Agustan 2021 suka shiga Age of Empires III, tare da Habasha, inda aka ba su Sarauniya Amina a matsayin jagora, da mahaya sanye da lifidi, da maharba Fulani. A fitowar Civilization ta bakwai, cikin Fabrairun 2025, an sa Amina cikin shugabannin da ake iya zaɓa, amma ba a sa Hausawa cikin al'ummomin da wasan ya fito da su ba. Ke nan mai wasa zai ga 'yar Zazzau tana mulkin Songhai ko Aksum ta ƙasar Habasha.

Abin lura shi ne yadda Zulu suka riga kowa a kudu da Sahara. Daular da Shaka ya gina ta taso ne wajajen 1816, a lokacin da ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, ta kusa shekara ɗari bakwai. Abin da ya sa sunan Zulu ya zauna a kunnen Turawa shi ne kashin da suka ba sojojin Ingila a Isandalwana a 1879, da kuma fim ɗin da aka yi kan yaƙin Zulu da Ingila a 1964. Alamar ƙarancin sanin ta fito fili, domin a wasan na 1991 an ba Zulu birnin Zimbabuwe a matsayin hedkwata, alhali kakannin mutanen Shona ne suka gina shi, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Shaka. Ashe ke nan abin da jerin farko ya auna shi ne iyakar abin da mai saye a Amurka ya taɓa ji.

KOMAR MASUNCI

Akwai wani kuskure da malaman kimiyya ke yawan jan kunnen ɗalibai a kansa. A ce masunci a madatsar ruwa ta Tiga yana su da koma mai manyan idanu. Duk kifin da ya kama babba ne. Idan ya yanke hukunci cewa babu ƙananan kifaye a Tiga, to ya yi kuskure, domin abin da ya auna shi ne idon komarsa. Masu nazarin halittun dā suna fama da irin wannan matsala. Ƙashi da haƙori da ɓawon katantanwa suna iya zama dutse su daɗe miliyoyin shekaru, amma tsutsa da sauran halittu masu taushin jiki kan ruɓe ba su bar alama ba. Sai da aka gano wasu duwatsu na musamman, irin waɗanda Charles Walcott ya samu a Kanada a 1909, sannan aka ga ɗimbin halittu masu taushin jiki da komar farko ta zubar.

Tarihi ma yana da komarsa. Ginin dutse na Misira ya tsaya shekaru dubbai a busasshiyar hamada. Ginin tubali da jar ƙasa kuwa, idan aka daina yi masa yaɓe, damina kaɗan ta isa ta mayar da shi tudu. Takarda tana da abokiyar gaba a ƙasar Hausa, wato gara, ga kuma gobara da yaƙe-yaƙe. Saƙa da jima da sassaƙa duk masu ruɓewa ne. Saboda haka wanda ya ce zai auna al'umma da tsayin abin da ta bari a tsaye, ya riga ya zaɓi masu nasara tun kafin a fara gasar.

Duk lokacin da aka sauya koma kuwa, sai sabon kifi ya fito. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa suka kai kimanin 8,000, ɗaya daga cikin mafi tsufa a duniya. Gumakan yumɓu na Nok, a kudancin Jihar Kaduna, masu haƙar kuza ne suka fara tono su, kuma masu irin wannan al'ada suna narka tama a Taruga ƙarnuka kafin Miladiyya. A Jenne-jeno ta ƙasar Mali, tonon da aka fara a 1977 ya nuna garin da aka zauna tun wajajen shekara ta 250 kafin Miladiyya, ya bunƙasa ya zama birni tun kafin fataucin Larabawa ya kankama, kuma ba a ga alamar fadar wani babban sarki a cikinsa ba. A 1963 wani shehun malamin tarihi na Jami'ar Oksfod, Hugh Trevor-Roper, ya yi iƙirarin cewa Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar in ban da na Turawan da suka shige ta. Shekaru kaɗan bayan haka, cebur da ma'aunin kabon suka ba shi amsa.

TSANI KO BISHIYA?

Tawaya ta biyu tana cikin tsarin wasannin kansu. Ana jera fasahohi kamar matakan tsani, ta yadda kowace al'umma za ta bi kusan hanya ɗaya, wanda ya riga kaiwa ƙoli shi ne gwani. Wannan tunani ya girmi kwamfuta. A 1877 Lewis Henry Morgan ya kasa tarihin ɗan Adam gida uku, daga zaman daji zuwa rabin wayewa zuwa cikakkiyar wayewa, ya kuma sa rubutu ya zama ƙofar shiga mataki na ƙarshe. 'Yan mulkin mallaka sun ji daɗin wannan tsani ƙwarai, saboda ya ɗora su a sama.

Ilimin halittu ya taɓa yin irin wannan tsani, tun daga zamanin Aristotal, inda aka jera halittu daga ƙasƙantattu zuwa maɗaukaka. Amma masana sun daɗe da ajiye shi, suka koma ga siffar bishiya mai rassa. Tsakanin raƙumi da kada, wa ya fi wani ci gaba? Tambayar ba ta da ma'ana sai an faɗi wurin. A rairayin Azbin kada gawa ne, a tsakiyar kogi kuma raƙumi gawa ne. Kowannensu ya dace da muhallinsa.

Haka abin yake ga fasaha. A wasannin, ƙafar keke tana cikin matakan farko da ake hawa. Amma ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Agadas ko Gwanja bai dogara da keken shanu ba, domin a kan rairayi da ƙunƙuntar hanyar daji raƙumi da jaki da takarkari sun fi shi amfani da arha. Hasali ma, a yawancin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, inda aka san keken doki tun zamanin Fir'auna, an yi watsi da shi na tsawon ƙarnuka bayan da sirdin raƙumi ya inganta. Daular Inka ta Kudancin Amurka ta shimfiɗa hanyoyi na dubban kilomitoci ba tare da keken dabbobi ba, lissafinta kuma da ƙulle-ƙullen igiya take adana shi. Masu wasannin sun shigar da ita duk da haka, kamar yadda suka shigar da Hun, mayaƙan da ba su bar wani birni a tsaye ba. Wannan ya nuna su kansu ba su riƙe tsanin da gaske ba.

ABIN DA KE CIKIN KAROFI

To, idan aka ajiye tsani, me ƙasar Rano za ta gabatar? Labarin gargajiya ya raba wa Hausa Bakwai ayyuka: Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi, Kano da Rano kuma sarakunan baba. Wannan laƙabi na ƙarshe ya cancanci ɗalibin kimiyya ya tsaya a kansa.

Babu launin shuɗi a cikin ganyen baba. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi da ake kira indikan. Idan aka daka ganyen ko aka jiƙa shi, sinadarin kan warware, ya haɗu da iskar oksijin, ya zama shuni. Matsalar ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba zai ratsa zaren auduga ba. Marini ya warware wannan matsala a cikin rijiyar karofi. Yakan haɗa shuni da ruwa da toka, tokar ta sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa, sannan ya bar haɗin ya kwana ya tashi na wasu kwanaki. A cikin wannan ruwa wasu ƙwayoyin bakteriya masu jure kaifin toka suna cinye iskar oksijin, suna kuma juya shunin zuwa wata siffa mai narkewa, mai launin rawaya-kore. Shi ya sa ƙyalle ke fitowa daga rijiya kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idon mai kallo, launin kuma ya maƙale a cikin zaren. Yawan tsomawa da shanyawa shi ke kawo duhun launi. Ko dagwalon da ya kwanta a gindin rijiya, wato katsi, ba a zubar da shi, ana ƙona shi a mayar cikin sabon haɗi, ana kuma yin laso da shi don dalaye rijiyar.

Marini bai taɓa ganin bakteriya ba, amma da launin kumfa da warin ruwa yake gane lafiyarsu, ya san lokacin da rijiya ta nuna da lokacin da ta mutu. Wannan kiwon ƙananan halittu ne, irin abin da a yau ake koyarwa a jami'a da sunan fasahar sarrafa halittu. Kuma sana'a ce da ta ɗauki tattalin arzikin ƙasa. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla kuɗin wuri miliyan 300, kuma ya tarar ana kai su har Tambutu da ƙetaren Sahara. Da yawa daga wannan aiki a garuruwan karkara aka yi shi, musamman kudu da birni, inda Kura ta yi suna wajen rini da bugun turkuɗi. Turai ba ta iya haɗa shuni a masana'anta don sayarwa ba sai a 1897.

Gona ma tana da nata darasi. Gero a yankin Sahel na Afirka ta Yamma aka fara mayar da shi amfanin gona, kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, dawa a gabashin Sudan, wake shi ma ɗan Afirka ne. Manomin Kibiya da ke shuka wake a tsakanin kunyoyin dawa yana amfani da ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar waken, inda wasu bakteriya ke kamo iskar naitirojin su mayar da ita taki. Bishiyar gawo da yake bari a tsakiyar gona tana zubar da ganye da damina, don haka ba ta tare wa shuka rana, da rani kuma ta yi ganye da 'ya'ya ta ciyar da dabbobi, su kuma su bar taki a gindinta. Da irin waɗannan dabaru, da takin gida da ake kaiwa gona a mangala, ƙasar Kano ta ciyar da jama'a masu ɗimbin yawa, ana noma gona ɗaya shekara da shekaru. Al'ummar da ta iya wannan a ƙasa mai damina ta wata huɗu zuwa biyar ta ci jarrabawar da ta fi cin gari da yaƙi wuya.

Har iyakokin dauloli ma halittu sun sa hannu a kansu. Ƙarfin sarakunan Hausa yana kan doki, doki kuwa ba ya jure cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa a dazuzzukan kudu. Inda tsando ya yi yawa, nan ƙarfin barade ke raguwa. Wasan da zai sa wannan a cikin ƙa'idojinsa zai koyar da tarihi da ilimin halittu a zama ɗaya.

LAIFI TUDU NE

Kafin a ɗora wa kamfanonin ƙetare dukan laifi, ya kamata a tuna da karin maganar da ke cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Hausa Bakwai ita ma jerin zaɓaɓɓu ce. Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram suna ciki. Kabi da Zamfara da Yawuri da Nupe da Gwari da Kwararrafa da Yarabawa an ware su da sunan Banza Bakwai. Alhali Kanta na Kabi ya bijire wa Askiya a farkon ƙarni na 16 ya kafa ƙasa mai ƙarfi, Kwararrafa kuma sun sha cin Kano da yaƙi a ƙarni na 17. Zamfara da Kabi ƙasashe ne da ake jin Hausa. A fili yake cewa wanda ya tsara wannan jeri dangantakar gidajen sarauta ya duba, kamar yadda labarin Bayajida da ɗansa Bawo ya zayyana ta. Masana irin su Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun nuna tun a 1970 cewa ba za a ɗauki labarin a matsayin bayanin yadda ƙasashen Hausa suka kafu ba. Kowane jeri yana da mai shi, kuma yana da manufa.

Matsayin Rano a wannan jeri abin nazari ne. Sarkinta yana amsa kirarin Autan Bawo, sunanta yana bakin duk yaron da ya haddace Hausa Bakwai a firamare, amma kaɗan ne za su iya ƙara jimla biyu a kai. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, kuma a ƙarshe Rano ta koma ƙarƙashin inuwar Kano. Abin da aka fi sani game da ita a rubuce daga alƙalamin waɗanda suka rinjaye ta ya fito. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke wannan doka, sannan a cikin shekarar aka sake kafa ta a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Ke nan gardamar wa ya cancanci a ƙirga shi ba ta tsaya a allon kwamfuta ba.

Ɗan Kibiya shi ma yana da hujjar da ta fi dariyarsa nauyi. Idan Rano tana kukan Kano ta rufe ta, wa ke ambaton Kibiya da ƙauyukanta? Hatsin da ya ciyar da birni da audugar da aka kaɗa da baban da aka rina, daga irin waɗannan ƙauyuka suka fito, su ne kuma suka fi shan wahalar hare-haren Ningawa a kudancin Kano cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Yadda Turai ta manta da Kano, haka Kano kan manta da Rano, Rano ta manta da Kibiya.

HUJJOJIN MASU JA

Akwai masu cewa wasa wasa ne, bai kai a tayar da jijiyar wuya ba. Amsa ita ce, matashin da ya shafe sa'o'i ɗari yana gina Rum a kwamfuta ya fi sanin sunayen biranenta a kan wanda ya yi zangon karatu guda yana kwafar allo. Abin da yaro ya maimaita shi ke zama masa taswirar duniya, kuma wanda bai ga kansa a taswirar ba yana iya zaton kakanninsa 'yan kallo ne.

Wasu kuma na cewa kamfani ciniki ya fito yi, zai sa abin da masu saye suka sani. Wannan gaskiya ce, kuma ba abin zargi ba ne. Sai dai ta nuna inda maganin yake, domin mai tsara wasa ba ya zuwa duwatsun Rano ya yi tono. Abin da ya tarar a rubuce shi yake ɗauka.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi, wato shiga wasa na iya zama ɓatanci. A 2013 masu Civilization sun janye shirin shigar da al'ummar Pueblo ta Amurka bayan da dattawanta suka nuna rashin amincewa, a 2018 kuma wani shugaban al'ummar Cree ta Kanada ya koka cewa an sa kakansu cikin wasan mamaye ƙasa ba tare da an tuntuɓe su ba. Hausawan Age of Empires III ma ba su tsira daga gauraye ba. An ba Amina ta Zazzau birnin Kano a matsayin gida, an kuma kira mawaƙin fada da sunan da Faransawa ke kiran mawaƙan ƙasar Mali, alhali Bahaushe yana da kalmar maroƙi. Zamanin Amina kansa akwai saɓani a kai, domin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajajen 1421 zuwa 1438, riwayar Zazzau kuma ta kai ta ƙarni na 16. Bugu da ƙari, wanda ya nemi a shigar da shi dole ya yarda a shigar da shi da tabonsa. Laƙabin sarkin bayi yana cikin riwayar da ta ba Rano sarautar baba, kuma gandayen da bayi suka noma suna cikin abin da ya ɗaga masaƙar Kano a ƙarni na 19. Tarihin da aka wanke tas ya zama kirari.

HUKUNCI

Ma'aunin da ya fi kusa da adalci yana da tambayoyi uku. Shin al'ummar ta warware matsalar rayuwa a muhallinta ta hanyar da ta bambanta da ta sauran? Shin akwai shaidar da za a iya bincikawa, ta rubutu ko ta tono ko ta baka da aka tace? Shin shigarta za ta koya wa mai wasa wata dabara da babu ita a wasan?

Da wannan ma'auni, Rano ita kaɗai ba za ta sami gurbi ba, kuma faɗin haka ba raini ba ne. Shaidar da ke hannu ba ta kai ba. Amma ƙasar Hausa a dunƙule ta cancanta ƙwarai, kuma dalilin cancantarta shi ne abin da wasu ke ɗauka a matsayin rauninta, wato ta shafe ƙarnuka ba ta zama daula ɗaya ba. Birane ne masu ganuwa, kowanne da sarkinsa da sana'ar da ya fi ƙwarewa a kai, suna gasa suna ciniki da juna, suna kuma haɗiye baƙi, Wangarawa da Barebari da Buzaye da Larabawa da Nufawa, har jikokinsu su zama 'yan gari. Irin wannan tsari ne Girkawa suka yi, ba wanda ya hana su gurbi saboda Atina da Sparta ba su yi sarki ɗaya ba. A 2013 ma an shigar da Banis ta Italiya, birni guda mai rayuwa da fatauci. Wasan da zai ba mai wasa birane bakwai, ya hana shi nasara sai ya daidaita marina da kasuwa da barade, zai fi kusa da gaskiya a kan wanda ya ɗauko sarauniya ɗaya ya ɗora ta a kan gadon wasu. A cikin irin wannan wasa Rano za ta sami wurinta na gaskiya a matsayin garin baba, Kibiya kuma a matsayin rumbun da in babu shi birni ba zai kai kaka ba.

AIKIN DA YA RAGE

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shaidar da ta yi ƙaranci ba za ta ƙaru da ƙorafi ba, kuma makarantun sakandare na Rano da Kibiya suna iya fara tara ta ba tare da jiran kowa ba. Malamin labarin ƙasa na iya fita da ajinsa su auna abin da ya rage na tsohuwar ganuwa da tsofaffin rijiyoyin rini, su zana taswirarsu. Malamin kemistiri na iya kafa ƙaramin karofi a cikin tulu, ɗalibai su riƙa auna kaifin ruwan kullum suna rubuta ranar da ya nuna. Malamin ilimin halittu na iya sa a tattaro irin dawa da gero da wake na gargajiya, da sunan da manoma ke kiran kowanne da kwanakin da yake yi kafin ya nuna, tun kafin sabon iri ya shafe su. Malamin Hausa da na tarihi kuma su tura ɗalibai gaban dattawa da wayar ɗaukar murya, a rubuta sunan mai bayani da ranar da ya yi shi, a kuma kwatanta riwaya da riwaya kamar yadda ake maimaita gwaji a ɗakin bincike. Wanda ya tsinci tsingaro ko kashin maƙera a kufai ya bar shi inda yake, ya sanar da hukumar gidajen tarihi, domin abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin labarinsa.

Daga cikin ɗaliban da za su yi wannan aiki akwai waɗanda za su karanci ilimin kwamfuta a jami'a. Kayan haɗa wasa a yau da yawansu kyauta ne a intanet, kuma wasannin da aka ambata suna ba masu sha'awa damar ƙara al'ummomin da suka tsara da kansu. Ranar da ɗan Rano da ɗan Kibiya suka zauna tsara nasu jerin, za su gane cewa gurbi kaɗan ne, masu cancanta kuma da yawa, dole su bar wasu a waje. Abin da za a nema daga gare su a ranar shi ne su bayyana ma'aunin da suka yi amfani da shi, kuma su duba idon komarsu kafin su ce babu kifi a ruwa.